Gashin Nyota a Jikin Waya

Ranar da aka wayi gari babu karyar nan Nyota a kejinta, ina zaune a ƙofar ɗakina a bayan garin Nanyuki, ina shan hantsi, ina murza ƙafata ta hagu wadda ɓauna ta taɓa tsagawa. Sai ga matar Ekiru a guje, numfashi sama-sama.

"Mzee Ndambuki, sun sa wa Ekiru ankwa! Wai ya sayar da karyar Bwana, maigidansa. Da la'asar motar 'yan sanda za ta wuce da shi Nyeri."

Ban ƙarasa shayina ba. Ekiru mutumin Turkana ne, tare muka yi yawon farauta da Turawa muna samari, kuma ranar da ɓaunar nan ta watsar da ni, shi ya goya ni har sansani. Da tsufa ya zo sai ya kama gadi a gonar Bwana Gathogo. Mutum irinsa, wanda ya saba kwana sararin sama ne rufinsa, in aka kulle shi a ɗaki ba zai ga damina ta gaba ba. Na san haka, matarsa ma ta sani.

Ni kuwa, da suke kira Mzee, wato dattijo, ku tambayi kowa daga Timau har Rumuruti. Ban taɓa zama a aji ba, ban san ko baƙi ɗaya ba, amma babu abin da ya taɓa taka ƙasa ya ɓace mini. Zaki ya neme ni bai samu ba, ɓauna ta same ni ba ta gama da ni ba, zamanin dokar-ta-ɓaci ya wuce ta kaina, waɗanda suka raina ni kuwa duk ni na raka su makabarta. Na ɗauki sandata muka kama hanya.

*

Na tarar ma'aikatan gona sun yi cirko-cirko a bayan kejin karnuka, kowa na kallon kowa da wutsiyar ido. Masu tatsar shanu na cewa aikin mai dafa abinci ne, matan da ke tsinkar furanni na cewa ai sun ga motar Baturiya, wasu na cewa ɗan Turkana dai ba a ba shi amana.

Bwana Gathogo na tsaye cikin kwat da laktaye, da hantsin nan. Da can akawun tsohuwar Memsab ne, Baturiya mai gonar. Da aka sami 'yancin kai ta koma ƙasarsu, shi ya sayi gonar da duk abin da ke cikinta, har karnukan, har Karumba mai kula da su. Teriya ne karnukan, 'yan ƙanana masu gemu, gashinsu tauri kamar waya. Gathogo ne baƙar fata na farko a yankinmu da ya shiga filin gasar karnuka a Nairobi ya fito da jan ƙyallen yabo, kuma Nyota ce ta ciyo masa. Fara ce sol, da baƙin tabo a baya kamar an ɗora mata sirdi, kanta ja. In ta tsaya sai ka ce da ma'auni aka ƙera ta.

"Mzee, an ce babu kamarka," in ji Gathogo.

"Ba a yi maka ƙarya ba, Bwana."

Ya nuna mini wurin. An tone rami a ƙarƙashin shingen waya. Ga gashi maƙale a jikin wayar, ga jini, ga kuma wani gashin da jinin sun bi ciyawa sun nufi kwari. Karumba na tsugune a gefe, siririn dattijo mai manyan yatsu, idonsa ja.

"Damisa ce," ya ce ba tare da ya ɗaga kai ba. "Na gaya wa Bwana damisa ce. A saki Ekiru, wa ke tsare damisa?"

Na yi dariya, don a lokacin abin dariya ne a gare ni.

"Karumba, kai dai tsaya ga tsefe gemun kare. Damisa ta taɓa tona rami kamar gafiya? Tsallakewa take yi. Kuma dubi jinin nan, ɗigo-ɗigo a jere kamar an zuba da cokali. Dabbar da aka shaƙe tana shure-shure, jininta fantsama yake yi. Babu damisar da ta zo nan."

Na ga fuskarsa ta canza, na ɗauka baƙin ciki ne.

Kofur ɗin 'yan sanda da ke wurin ya gyara hularsa. "To shi ke nan. In ba damisa ba ce ɓarawo ne, ɓarawo kuwa ba ya shiga sai da hannun mai gadi."

Sawu dai jama'a sun tattake shi. Sai can bakin kwari na sami na mutum ɗaya, mai takalmin roba dogon wuya, irin wanda kowane ma'aikacin gona ke sawa. Ya tafi da nauyi a hannu, ya shiga rafi, ruwa ya shafe sauran. Na tsinci gashin nan na cusa a aljihu.

*

Ekiru na zaune a gindin itace, ankwa a hannu.

"Kai tsohon raƙumi," na ce, "barci ka yi ko?"

"Gurgu, ka zo? Na ɗauka ka mutu ba a gaya mini ba."

"Amsa mini."

"Na yi gyangyaɗi wajen asuba, kamar kowane mai gadi tun da aka halicci gadi. Amma ka san karnukan nan. Ganye ya faɗo sai sun tashi gari. Ko ɗaya bai yi haushi ba."

"Ashe na gida ne."

"Shi ya sa suka ce ni ne." Ya dubi ankwar. "Ndambuki, ba zan iya ɗakin nan nasu ba."

"Rufe mini baki. Yaushe na taɓa fita neman abu na dawo hannu sake?"

*

Na zaga madafa. Ogutu mai dafa abinci na yanka albasa kamar da ita yake faɗa. A bayan madafar ga gashin kaza a warwatse.

"Ka yanka kaza jiya," na ce.

"Na yanka. Laifi ne? Ku zo ku ɗaure ni, ni ma in huta."

"An ce ba ka shiri da Nyota."

"Shiri? Wannan shaiɗaniya ta kashe mini kaji sun fi a ƙirga. Ita ana dafa mata nama da ƙwai, ni ina cin tuwon ugali da ganye. Ana shafa mata alli ta yi fari, ni ko sabulu sai na roƙa. Amma Mzee, da zan kashe ta, sai in tsaya tona rami? Ga tukunyarta a hannuna kullum."

Wannan gaskiya ce, ban kuwa so ta ba.

"Jinin kazar fa?"

"Na tara a kwano na ajiye a taga, don a zuba a abincin karnuka. Da safe na ga kwanon a wanke."

"Wa ya ɗauka?"

"Tagar nan hanya ce, kowa na wucewa. In ka gama tambaya ga ragowar githeri can, dafaffiyar masara da wake, na ga kana ta kallon tukunya."

Na ci. Ba a bin sawu da yunwa.

*

A ƙofar baya ta gona na ga sawun taya, ɗaya ta suɗe ta gefe guda. Duk yankin an san motar Memsab Aldous ce, maƙwabciyar Gathogo, kuma babbar abokiyar hamayyarsa a gasa. Na ce a raina yau na kama babban nama. Na ratsa gonar alkama zuwa gidanta.

Na same ta a inuwa, ta ɗora karenta Kanar a kan tebur. Tsohuwa ce busasshiya, taba a baki, Swahilinta duk a karkace.

"Kai ne mai bin sawun? Ka zo kama ni?"

"Motarki ta je gonar Bwana jiya."

"Ta je. Nyota ta shiga lokacin barbara, mun shirya za a kawo ta wurin Kanar a wannan makon. Zan saci abin da za a kawo mini har gida? Na fi kowa son 'ya'yan nan."

Tana magana hannunta na aiki. Sai na lura da abin da take yi. Tana kama gashin karen kaɗan-kaɗan tsakanin babban yatsa da manuni, ta fizge, ta yar. Karen ko a jikinsa, har lumshe ido yake.

"Memsab, figar kare kike yi kamar kaza? Ba ki da almakashi?"

"Almakashi!" Ta kusa haɗiye tabar. "Ka sa wa irin wannan kare almakashi, gashinsa ya yi laushi kamar auduga, launinsa ya koɗe, alƙalin gasa ko kallonsa ba zai yi ba. Da yatsa ake cire mataccen gashi, sabon ya fito da tauri. Shekaru ake yi ana koyo."

Na dubi gashin da ke zube a ƙarƙashin teburin. Ƙulli-ƙulli, kowane tsinke a miƙe, kai ɗaya. Na sa hannu a aljihu na fito da nawa na shimfiɗa a tafin hannu. Babu bambanci. Babu fata a gindinsa, babu lallausan gashin ciki, sai mai taurin kawai. Haƙori ko ƙayar waya ba sa zaɓe haka.

Ta leƙo. "Na Nyota ne wannan. Aikin gwani kuwa."

"Wa zai iya?"

"A jikin Nyota? Ni ma ta taɓa cizona. Mutum ɗaya take tsaya wa."

Ban tambayi sunansa ba.

*

Ban koma neman sawun karya ba, na koma neman na Karumba. An ce ina barin wurin ya fita, wai zai duba kwari ko zai ga gawarta. Na kama sawunsa a bayan kejin. Ya yi dabara, ya bi kan duwatsu, ya shiga rafi ya fita, amma dabarar mai tsefe kare ce. Inda ya tsallaka wani gungume, romo ya ɗiga daga abin da yake ɗauke da shi, tururuwa sun taru a kai. Suka kai ni har cikin daji a gindin dutse, wata tsohuwar bukkar masu gawayi.

Tun daga nesa na ji haushinta. Karumba na zaune a ƙasa, tana cin abinci daga kwano tsakanin ƙafafunsa, lafiyarta lau.

"Na san za ka zo," ya ce. "Da aka ce an kira ka, na ce shi ke nan."

"Karumba, mutum na can da ankwa saboda kai."

"Ban yi nufin haka ba. Na ɗauka za a ce damisa ce, a yi jimami, a manta. Da na kai ta Meru wurin ƙanwata."

"Sayar da ita za ka yi?"

Ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

"A hannuna aka haife ta. Ba ta numfashi, ni na hura mata a hanci." Ya shafa kanta. "Shekaranjiya da rana na je ɗebo ruwa. Kafin in dawo wani karen makiyaya, ja, mai kunne ɗaya, ya haura shinge. Na tarar sun riga sun maƙale."

"To sai me? Kare ya bi karya, yau aka fara?"

"Ba ka san dokar gidan ba. Tsohuwar Memsab ta ce in karen banza ya hau karya mai asali, jininta ya ɓaci har abada. Ko daga baya an kai ta wurin sarkin karnuka, 'ya'yanta za su riƙa fitowa da kamannin na farkon. Ya taɓa faruwa da kakar wannan. Tsohuwar ta kai ta bayan rumbun masara ta harbe. Bwana na akawu a lokacin, yana tsaye yana gani. Duk abin da matar nan ta faɗa, a wurinsa ya fi na coci. Kullum cewa yake Turawan gasa jira suke ya yi kuskure ɗaya su ce da ma sun faɗa."

"Mu mayar da ita mu yi shiru da zancen jan karen."

"A kai ta wurin Kanar, ta haifi jajaye masu dogayen ƙafafu a gaban Memsab Aldous? Ciki ba ya ɓuya, Mzee." Ya kama sandata. "Ka koma ka ce ka sake dubawa, damisa ce. Za su yarda da kai."

"Na riga na faɗa a gaban kowa. Ko na janye, Kofur ya kama nasa. Rana ta karkata, Karumba."

Karyar ta gama cin abinci ta zo tana sansanar ƙafata mai tabo. Ban taɓa son kare ba, abincin damisa nake ɗaukarsu. Amma na sosa mata gemu.

"Ekiru ya goya ni," na ce.

Ya miƙe. Daga nan ya kwance igiyarta daga jikin turke.

*

Na ce ya tsaya da ita a bayan shingen furanni sai na kira. Na aika aka kira Memsab Aldous, aka tara kowa a gaban baranda: Gathogo a kujerarsa, Kofur da Ekiru, Ogutu da tsummansa a kafaɗa, ma'aikata a baya. Motar 'yan sanda ta riga ta iso, direban na zaune a ciki.

Irin wannan taro na saba da shi, kuma na iya shi. Na fara da Ogutu, na bar shi ya yi gumi kafin na ce jinin kazarsa ne amma ba hannunsa ba. Na juya ga Memsab na ce motarta ta zo da rana ta koma da rana. Sannan na buɗe tafin hannuna na nuna musu gashin, na bayyana yadda haƙori ke yaga da yadda yatsa ke fizga. Na ce su dubi hannun Ekiru, hannun da bai san komai ba sai mashi da sanda.

"To wane ne?" in ji Gathogo.

"Karumba, fito."

Ya fito da ita. Mata suka yi guɗa. Nyota ta fizge ta haye cinyar Gathogo tana lasar fuskarsa, shi kuwa mutumin nan mai laktaye ya rungume ta yana dariya kamar yaro. Kofur ya cire wa Ekiru ankwa yana ƙunƙuni, matarsa ta zube ƙasa tana kuka.

Sai Gathogo ya ɗago. "Karumba, don me?"

Karumba ya matsa kusa, ya faɗa masa da yaren Kikuyu, murya ƙasa-ƙasa. Na ga dariyar ta bushe a fuskar Gathogo. Ya saci kallon Memsab Aldous. Ya sauke karyar a hankali, ya miƙe, ya gyara kwat.

"Ogutu, kawo wa Memsab shayi. Kofur, na gode, babu ƙara. Kowa ya koma aiki."

Ya ja igiyar ya shige gida da ita. Karumba ya zauna a kan matakala ya rufe fuska. Ni na ɗauka sai gobe, ko jibi, in zuciya ta huce a sa baki. Na tsaya ina karɓar gaisuwar masu tatsar shanu.

"Mzee," in ji Memsab, "me ya ce masa? Ba na jin yarensu."

Na gaya mata zancen jan karen. Ta fashe da dariya har tana tari.

"Shi ke nan? Saboda wannan aka tona rami aka yanka kaza? Ta haife su, a raba wa yara, baɗi a kawo ta wurin Kanar."

Karumba ya ɗago. "Jininta bai ɓaci ba, Memsab?"

"Wane jini? Maganar tsofaffi ce wannan, an daɗe da watsar da ita. Uwar Kanar ma sai da ta haifa wa karen mai wanki, ga Kanar nan. Wa ya gaya muku..." Ta tsaya. Ta dubi ƙofar da Gathogo ya shiga. "Ina ya kai ta?"

Karumba ya zabura ya faɗa cikin gida yana kiran Bwana. Ni na san ba a cikin gida yake ba, na ji ƙarar ƙofar baya. Na yar da sanda na yanki hanyar rumbun masara.

Ni ne na taɓa tsere wa karkanda a fili. Tsakanin baranda da rumbun nan jifa ɗaya ne. Ina gudu ina ihu, ƙafar nan ta hagu na lanƙwashewa, na faɗi na tashi. Na kai kusurwar rumbun, har na ga gefen kwat ɗinsa, sai bindiga ta tashi.

*

Gathogo ya dawo baranda da ƙafarsa, idonsa cike da ruwa, amma kansa a miƙe. Ya tsaya a gaban Memsab Aldous kamar ɗalibi a gaban malama.

"An sami ɓarna a gidana, Memsab, na gyara. Ba za a ce Gathogo ya gurɓata jini ba."

Yana jira ta yaba masa. Ta buɗe baki za ta gaya masa a banza ya harbe ta, ta dubi fuskarsa, ta rufe. Ta ajiye kofin shayin ta shiga motarta. Ni ma na rufe nawa bakin, Ogutu ma haka.

Karumba ya naɗe gawar Nyota a rigarsa ya ɗauka. Bai nemi shebur a wurin kowa ba, bai kuma sake kwana a gonar ba.

Ekiru ya tsinto mini sandata ya raka ni gida, yana riƙe da gwiwar hannuna saboda ƙafar ta kumbura. Ya rayu shekaru da yawa bayan haka, ya mutu a fili cikin awakinsa, kamar yadda yake so. A hanya ran nan ya yi ta zuba godiya, yana cewa babu kamata a ƙasar nan.

"Na sani," na ce masa. "Yi mini shiru."